Kada Ka Tare Sai Ka Ɗaura wa Gidanka Rawani

Ɗana, duk wanda ya taɓa gini ya san kuɗi da ƙarfinsu suke shiga tushe, su iso linta suna ɗingishi, kafin a zuba dakin numfashinsu ya ɗauke. A daidai wannan gaɓa maigida yake zama da birkila su fara soke-soke. A ɗage fenti, a ɗage tayil, a ce filastar waje sai bayan damina. Cikin abubuwan da ake sokewa ba tare da ko gardama ba akwai ɗan guntun bangon nan da ya kamata ya kewaye bakin dakin. Sai ka ji an ce a bari sai an samu sarari. Iyali su tare, matakala tana nan buɗe har sama, rodi ya yi cirko-cirko yana jiran hawa na biyu da ba a san ranar ɗora shi ba. Kafin wata ya zagayo an ɗaura igiyar shanya a can, an ɗora tankin ruwa, an shimfiɗa barkono da kuɓewa su bushe, yara kuma sun gano sabon filin wasa wanda ba ya da iyaka sai iska. A kan wannan bango nake so mu yi magana, domin shi ne mafi arha a duk ginin, kuma rashinsa ne ya fi kowane rashi tsada.

Idan ka saurari masu aikin gini a Kano ko Kaduna za ka ji suna kiransa farafet. Kalmar Turanci ce, parapet, bakinmu ya lanƙwasa ta. Su ma Turawan Ingila aro suka yi, wajen ƙarshen ƙarni na 16, asalinta kuwa daga Italiyanci ne, parapetto, haɗin kalma biyu: ɗaya tana nufin karewa, ɗaya tana nufin ƙirji. Abin da ke kare ƙirji ke nan. Daga bakin sojoji ta fito. A saman ganuwa ko a kan tudun da aka tara don yaƙi akan ɗora gajeren bango wanda mayaƙi zai tsaya a bayansa, ya rufe masa jiki zuwa ƙirji, ya bar masa ido da hannu su yi aiki. Daga baya kalmar ta bar fagen fama ta shiga gari, ta zama sunan gajeren bangon da ke bakin rufin gida, da na gefen gada, da na baranda. Idan ka ci karo da ita a littafi, ko a jarrabawa, ko a takardar ƙiyasin kuɗin gini, ka riƙe cewa Bature ba ya kiran katangar da ta kewaye gida da wannan suna, haka ma bangon ɗaki. Sai bango ya zama gajere, ya zama a baki-baki, kuma a bayansa akwai abin da ake gudu, ko faɗuwa ko harsashi.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojoji sun shafe shekaru cikin ramuka a Faransa da Beljiyam. Ƙasar da aka tono da buhunan yashi da aka jera a gaban rami, ɓangaren da ke fuskantar abokan gaba, su ake kira da wannan suna. Wanda ya ɗaga kai sama da su, gwanin harbi yana can yana dakonsa, shi ya sa har madubin leƙe suka riƙa amfani da shi don su ga waje ba tare da sun miƙe ba. Har gobe Turawan Ingila idan suna yabon wanda ya fito ya faɗi gaskiya alhali kowa ya yi gum, sai su ce ya ɗaga kansa sama da wannan bango. Za ka yawaita ganin haka a jaridunsu idan ana zancen siyasa ko wurin aiki.

To, a nan Najeriya kalmar ta sake sheƙa. Yau idan mai gini ya ce zai yi farafet, galibi yana nufin adon kankare da ake zagaya bakin rufin kwano da shi, mai hawa-hawa da zane, wanda ake yi wa fenti daban. Mutum zai yi mako yana zaɓen zane a waya, ya yi ciniki da kafintan da zai buga katakon zubi, ya kashe kuɗin da zai isa ya kewaye dakin sau biyu. Ban ce aikin banza ba ne. Bangon da ya tare bakin kwano yana rage wa iskar farkon damina damar shiga ƙarƙashi ta yaye rufi, kuma wanda ya taɓa kwana yana kallon taurari daga kan gadonsa ya san darajar haka. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga gida ya sha ado a can ƙololuwa inda tsuntsu kaɗai ke sauka, amma barandar da yara ke wuni a kai an bar ta da bulo layi biyu, matakala kuma ba ta da ko abin dafawa. Ƙirjin da aka ƙirƙiri kalmar dominsa an manta da shi, an koma hidimar ido.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fanni. Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan ɓangare na gini, suna kiransa rawani, kuma ban san sunan da ya fi wannan dacewa ba. Ka je Gidan Makama a Kano, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ko ka ratsa unguwar Birni a Damagaram, ko tsohon garin Agadas, ka ɗaga kai. Bayan an jera azara an zuba ƙasa an daɓe, sai magini ya ɗaga bangon ya ɗara rufin, ya tsayar da zankwaye a kusurwoyi, ya huda ƙasan rawanin ya zura indararo mai tsawo don ruwa ya faɗa nesa da jikin gini. Rawanin yana riƙe bakin rufi, yana tattara ruwan sama ya kora shi hanya ɗaya. Kowace shekara kafin damina a hau a share, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Amma kada son gargajiya ya ruɗe ka. Rawanin soron da, yawanci don ruwa aka yi shi, bai kai tsayin da zai tare mutum ba, domin saman soro ba wurin zaman iyali ba ne, magini ne ke hawa ya sauko. Yau gidajenmu sun ƙara tsawo, ƙasan da za a faɗa ta zama siminti, kuma masu hawa sun yi yawa: mai gyaran tanki, mai wanke farantin sola, mai saita dish, yarinyar da aka aika kwaso shanya da magariba, da maigida kansa idan zafin bazara ya kore shi daga ɗaki ga wuta an ɗauke.

Wannan na ƙarshe ya kai mu ga abin da ya fi awo da kalma nauyi. Mutanen Hijaz ma sukan kwana a saman gidajensu lokacin zafi, kuma ya zo a cikin hadisi, a wajen Tirmizi, cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi barci a kan rufin da ba a kewaye ba. Abu Dawuda ya ware babi a kan haka a sashen ladubba, inda aka nuna cewa wanda ya kwana a irin wannan rufi ya fitar da kansa daga alkawarin kariya. Imam Bukhari ma ya kawo batun a Al-Adabul Mufrad. Ka duba yadda aka sa shi cikin ladubba, kusa da sallama da neman izinin shiga gida. Mai barci yana juyi, yana iya farkawa cikin magagi ya nufi inda yake zaton ƙofar ɗaki ce. Addinin da ya koya mana tawakkali shi ne ya ce kada a kwanta a can sai da kariya.

A cikin Attaura ma, littafi na biyar, sura 22 aya 8, an umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufinsa, don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau kan gidan. Malaman Yahudawa suka ƙayyade tsayinsa da faɗin tafin hannu goma. A ɓangaren fiƙihun Malikiyya da muke bi, akwai wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibn Rami, wanda alƙalai kan tura ya duba rigingimun gini tsakanin maƙwabta, ya kuma rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Cikin cutarwar da ya yi magana a kai akwai leƙen gidan maƙwabci daga sama. Ka ga ke nan bangon yana da aiki na biyu, sutura. Mai bene da ya bar samansa fayau, duk wanda ya hau yana kallon tsakar gidan mutane, matansu na tuƙa tuwo ko wanki, ya ci haƙƙin maƙwabtaka ko da babu wanda ya taɓa faɗowa.

Birnin Landan kuwa wuta ce ta koya masa. Bayan babbar gobarar 1666, aka riƙa tsaurara dokar gini, har a 1707 aka hana bakin rufi na katako da ke leƙowa kan titi, aka wajabta bangon jan bulo mai tsayin inci 18 a gaban rufin, don kada harshen wuta ya samu abin kamawa ya tsallaka gida zuwa gida. Shi ya sa tsofaffin gidajen birnin da yawa idan ka tsaya a titi ba ka ganin rufinsu.

Yanzu mu zo kan awo, domin nan ne ake cutar mai gida yana kallo. A Ingila ƙa'idar gini ta ce kariyar bakin rufi da ta barandar waje kada ta gaza mita 1.1. A Amurka dokar kare ma'aikata ta sa inci 42, kusan abu ɗaya ke nan. Ba son rai ya kawo wannan adadi ba. Nauyin jikin babban mutum yana tattare ne wajen ƙugu da cibiya. Idan bango ya wuce nan, wanda ya yi tuntuɓe ya faɗa kansa zai dawo baya. Idan bai kai nan ba, sai ƙafa ta tsaya, gangar jiki ta ci gaba, bangon ya zama shi ne ya kayar da mutum da ka. Bulon da muke aiki da shi tsayinsa inci tara ne. Layi biyu iyakarsa gwiwa. Layi uku cinya. Sai ka jera layi biyar kafin ka haye mita 1.1, kuma ka auna daga saman daɓen ƙarshe, bayan an zuba siminti an sa tayil, don daɓe yana cinye tsayi. Layi biyun nan da ake yi a ce an fita haƙƙi, ni a wurina da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Bakin da babu komai kowa yana tsoronsa, yana ja da baya. Mai layi biyu kuwa gayyata yake yi: babba ya zauna a kai ya juya wa rami baya yana danna waya, yaro ya hau yana gwada tafiya a kai.

Idan ƙarfe za ka sa maimakon bulo, ka sa ido a kan maƙeri. Ƙa'idar Ingila ta ce a inda yara ƙanana suke, tazarar da ke tsakanin sanduna kada ta bar abu mai faɗin santimita 10 ya wuce. Yaro idan jikinsa ya sulale ta tsakanin sanduna kansa ya maƙale, ko kuma kan ya wuce gaba ɗaya, duka biyun musiba ne. Ka dunƙule hannunka ka gwada, idan ya shige ya fita a sake to tazarar ta yi yawa. Sandunan su tsaya a tsaye. Waɗanda aka jera a kwance, komai kyansu, tsani ka ƙera wa ɗan shekara uku. Haka nan kujera, da bokiti, da tukunyar fulawa, da injin sanyaya ɗaki da aka ajiye a jikin kariya, kowannensu ya rage mata tsayi da gwargwadon tsayinsa.

Sai ƙarfi. Wannan bango maraya ne a cikin gini: babu rufin da ya danne shi, babu bangon da ya tokare shi, rana da ruwa da iska suna dukansa gaba da baya. Idan birkila ya jera bulo kawai a kan busasshen dakin, ba abin da ya riƙe shi sai ɗan kwaɓin da ke ƙarƙashi. Ka ce a fito da rodi daga cikin dakin, a tsayar da ƙananan ginshiƙai a kusurwoyi da tsaka-tsaki, a ɗaure saman da zubin kankare, a yi masa hula mai ɗan gangare zuwa ciki don ruwa kada ya kwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ruwa ne ƙadangaren: ya shiga tsaga, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya fara ɓarewa. Bangon da ba a ɗaure ba yana iya zama shi ne makashi. A girgizar ƙasar da ta auka wa birnin Christchurch na ƙasar New Zealand a Fabrairun 2011, irin waɗannan bangaye da fuskokin tsofaffin gine-gine sun rufto kan titi sun hallaka masu wucewa. Mu girgizar ƙasa ba ta dame mu ba, amma muna da guguwar farkon damina, kuma a ƙarƙashin bangon nan ne mai shayi da almajirai ke fakewa.

Kada kuma ka manta da darasin indararo. Da zarar ka kewaye dakin ka mayar da shi kwatarniya. Idan mafitar ruwa ƙarama ce, ko leda da ganye sun toshe ta, ruwa zai taru. Yi lissafin da kanka: rufi mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, ruwa ya kwanta a kansa santimita 10 kacal, wato bai kai tsawon ɗan yatsa biyu ba, nauyinsa tan 10 ne. Buhun siminti 200 ke nan aka ɗora maka a ka cikin dare ɗaya. A yi mafita fiye da ɗaya, a yi su da faɗi, a ƙara wata a ɗan sama don ranar da ta ƙasa ta toshe. Watan Afrilu ya kama, ka hau da tsintsiya.

Abin bai tsaya a sama ba. Rijiyar tsakar gida ma baki gare ta. A farkon Fabrairun 2022 duniya ta yi kwanaki tana kallon wani ƙauye a arewacin Maroko, inda yaro ɗan shekara biyar ya faɗa ƙunƙuntar rijiya mai zurfin mita 32. Aka kawo motocin tono, aka yanke gefen tudu, aka haƙa rami daga gefe da hannu don gudun zaftarewa. Ranar 5 ga wata aka iso gare shi, rai ya riga ya yi halinsa. Ƙasa guda da injinanta ta kasa gyara abin da murfi ɗaya zai hana. Irin wannan labari ba ya yanke mana a rediyo, sai dai namu ba ya samun kyamara: rijiyar da bakinta ya yi daidai da ƙasa an rufe da ruɓaɓɓen kwano, sokawe da aka tona aka tafi neman kuɗin rufewa, tankin ƙasa a kangon da yaran unguwa ke ɓuya. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya tona rami a inda ba shi da izini, kamar hanyar jama'a, wani ya faɗa, to lamuni yana kansa. Ka ɗaga bakin rijiyarka, ka yi mata murfi mai nauyi da kwaɗo. Su kuma masu kwance ƙarafan gefen gada da murafun kwalbati su sayar wa 'yan gwangwan, da masu saye suna sane, su sani kuɗin jinin wani direba ko wani yaro suke ci, ko da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Na san abin da za a ce. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, ni ma da shi nake ta'aziyya. Amma wannan magana ta bayan aukuwa ce, ta sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Wanda ya ɗauko ta tun kafin komai ya faru, don ya kauce wa sayen bulo ɗari biyu, ya sa ta aikin da ba nata ba. Mutumin nan da ke cewa Allah ne ke tsarewa, shi ne ya sa wa ƙofarsa kwaɗo uku, ya ɗora waya mai ƙaya a kan katanga, ya ɗauki maigadi. Ya yarda da sababi a kan talabijin ɗinsa, sai a kan 'ya'yansa ne ya zama waliyyi.

Idan haya kake, kada ka ce ba gidanka ba ne. Ka yi wa mai gidan magana da ladabi, ka nuna masa wurin da ido, in ya yarda ka yi aikin a cire daga kuɗin haya, a rubuta. In ya ƙi, ka sa ƙofa a bakin matakala ka riƙe makullin, lokacin sabunta haya kuma ka san abin da za ka yi. Idan kana cikin kwamitin masallaci ko na makarantar Islamiyya mai bene, inda ɗaruruwan yara ke turereniya a baranda lokacin tashi, ka zama mai tayar da maganar a taro ko da za a ce ka cika ƙorafi. Idan kai ne birkilan ko injiniyan, ka gaya wa mai gida gaskiya, kada ka bar shi ya soke abin da ka san ba na sokewa ba ne don gudun kada aikin ya kuɓuce maka.

Yau kafin magariba, ɗana, ka ari tef wajen tela ko kafinta, ka hau sama ka auna, ka auna baranda, ka auna bakin rijiya. Ka sa hannu biyu ka tura bangon ka ji ko yana motsi. Duk inda ka samu bai kai mita ɗaya da ɗan ɗoriya ba, ko ya girgiza, ka kulle hanyar zuwa wurin, kuma kada ka buɗe sai birkila ya zo ya gama aikinsa.